Yadda Ake Ɗaukar Hotunan Rayuwar Ƙauye Ba Tare Da Cin Amanar Mutane Ba

A wajenmu idan aka ce mai hoto ya zo, kowa ya san abin yi. A shiga ɗaki a sako kayan Sallah, a karya hula, a gyara ɗaurin kallabi, a fito a tsaya ƙiƙam a haɗe fuska, ba mai motsi sai an ji "shi ke nan". Wannan ma hoto ne, yana da ranarsa, ni ma da shi na fara neman abinci a gidajen biki da suna. Amma akwai wani aikin hoto daban, wanda ya ɗauke mini hankali har na shafe shekaru ina bin ƙauyukan Kano da Jigawa a kan babur, wato ɗaukar mutane yadda suke a ranar da ba biki ba Sallah. Manomi a bayan garmar shanu, tsofaffi a masussuka, maƙeri da ɗan zugarsa, yarinya mai tallan fura ta sauke ƙwarya tana ƙirga canji.

Abin da ya jefa ni ciki shi ne jigo. Ina yaro da shi ake ban ruwa a fadamar garinmu. Yau sai ƙarar inji, ga na sola ma ya shigo. Wata rana na so in nuna wa 'ya'yana yadda jigo yake, na bi gida-gida ban samu hotonsa ko ɗaya ba, don a lokacin ba wanda ya ga abin ɗauka a jikinsa. Haka rumbun ƙasa yake ba buhu wuri, haka azara take ba kwano wuri, duk ba sallama.

Matasa suna yawan tambayata ta ina za su fara. Ga yadda nake yi, daki-daki, har da inda na yi tuntuɓe.

Mataki na farko: kama abu ɗaya

Kada ka ce za ka ɗauki "rayuwar karkara". Ta fi ƙarfinka, kuma za ka dawo da tarkace: jaki nan, bishiyar kuka can, yara suna ɗaga maka yatsu biyu. Zaɓi abu ɗaya da za ka iya komawa kansa sau goma ba ka gaji ba. Gero daga shuka zuwa rumbu a gona ɗaya. Maƙera ɗaya tsawon shekara. Masunta a yankin Hadejia, lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa. Masu noman rani a Kadawa da Kura, waɗanda ruwan madatsar Tiga yake ciyar da su. Matan da suke ɓarar zoɓo ko kaɗe riɗi a Jigawa. Ko kuma kasuwa ɗaya, ka bi ta mako-mako: Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi.

Akwai wani mai hoto ɗan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya duƙufa a kan kitson mata, ya yi ta ɗauka shekara da shekaru har ya tara hotuna kusan 1,000. Kitso dai, wanda kowa yake gani a kan uwarsa da ƙanwarsa. Yau a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ake rataye su, kuma wasu salon kitson a hotunansa kaɗai suka rage. Da ya rarraba hankalinsa, da ba mu san shi ba.

Idan noma ka zaɓa, to kalandarka ta manomi ce. Sharar gona da bazara, shuka idan ruwa ya sauka, noman firi, maimai, girbin gero tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, cirar gyaɗa, roron wake, sannan dawa idan sanyi ya fara leƙowa. Wanda ya makara da mako biyu sai ya jira baɗi.

Mataki na biyu: shiga ta ƙofa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Ranar farko kyamara ba ta fita daga jaka. Da ɗan gari kan ci gari, don haka ka nemi wanda zai yi maka iso: abokin karatu, malamin firamare da yake koyarwa a garin, ko dillalin da kuka saba da shi a kasuwa. Ya kai ka wajen mai unguwa ko dagaci. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da iyali da damina, ka ajiye ɗan goronka. Sai an ce "to, madalla, me ke tafe da kai?" sannan ka yi bayani.

Abin da nakan ce bai wuce wannan ba: "Ranka ya daɗe, ni mai hoto ne. Ba gwamnati ce ta aiko ni ba, ba kuma wata ƙungiya ba, ba ni da tallafin da zan raba. So nake in ɗauki yadda ake aikin kaka a garin nan, don 'ya'ya da jikoki su gani. Duk wanda na ɗauka zan wanko in kawo masa. Zan kuma sa wasu a intanet, idan mai hoton ya yarda. Wanda bai so ba, ba dole."

Maganar tallafin nan ka faɗe ta da babbar murya, ka kuma maimaita. Mutanen ƙauye sun sha ganin masu zuwa da takardu, a rubuta suna, a ɗauki hoto, a ce ku saurare mu, daga nan ko ƙeyarsu ba a sake gani ba. Idan ka bari aka zaci kai ma irinsu ne, za a yi maka layi, kowa ya marairaice fuska, kuma duk hoton da ka ɗauka ranar ƙarya ne. Daga baya idan ba a ga komai ba, wanda ya kai ka shi zai kwana a ciki.

Galibi dagaci zai haɗa ka da mai sana'ar: Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa, ko Sarkin Kasuwa idan kasuwa za ka shiga. Amma ka sani, iznin dagaci na shiga gari ne kawai. Fuskar mutum tasa ce. Kowa sai ka tambaye shi da bakinka. "Baba, sannu da aiki. Ka yarda in ɗauke ka?" "Inna, ko in ɗauki hannunki kawai da tukunyar?" Za ka gamu da dattijon da zai ce maka shi ba ya hoto saboda fahimtarsa ta addini. Kada ka ja da shi, kada ka kawo masa fatawa, kada kuma ka zagaya ka ɗauke shi ta baya. Ka ce "Allah gafarta malam, na gode", ka zauna ku yi hira. Sau da yawa irin wannan dattijon shi yake ba ni labarin da ya fi hoton amfani.

Sai batun mata. Zaure shi ne iyakar namiji baƙo, kuma ko ba a rubuta "ba a shiga" a jikin bango ba, ka san ba a shiga. Ni duk shekarun nan rabin rayuwar ƙauye kawai na gani. Daka, surfe, tuyar ƙuli-ƙuli, kaɗin daddawa, saƙar faifai, wankan jego, kitso, tatsuniyar dare, duk suna tsakar gida. Saboda haka, 'yar'uwa mai karanta wannan, idan kina da waya mai kyau da sha'awa, aikin da yake gabanki ya fi nawa girma, don inda za ki shiga ni ba zan taɓa shiga ba. Sai dai ki riƙe abu biyu. Yardar maigida daban, yardar matar daban, kuma duka biyun ake nema. Sannan yarda a ɗauka daban, yarda a sa a Facebook daban. Mace takan so a wanko mata hotonta ta ajiye a ƙasan adaka, amma ba ta so duniya ta gani. Ki tambaya filla-filla.

Yara kuwa za su yanyame ka, wannan ba makawa. Ka ɗauke su sau ɗaya, ka nuna musu, su yi dariyarsu, zuwa jimawa za su gaji su watse. Hoton yaro da za ka yi aiki da shi, sai da sanin iyayensa ko malaminsa. Almajiri kuma, don Allah, ba kwanon bara ne kaɗai rayuwarsa ba. Yana wanke allo, yana dafa tawada, yana ɗinkin hula, yana karatun dare a gefen wuta. An ɗauki na kwanon ya isa haka.

Za a tambaye ka, "Nawa za ka ba ni?" Ra'ayina shi ne kada ka sayi tsayuwar mutum, don ranar da ka fara biya, gobe kowa wasan kwaikwayo zai yi maka. Amma kada ka zama mai hannun jarirai. Ka sayi lauje a wajen maƙerin, ka sha furar mai furar ka biya, ka sallami ɗan rakiyarka da kyau don ya bar aikinsa saboda kai. Idan kuma wata rana hoton ya kawo kuɗi, ka koma da rabon mai fuskar.

Mataki na uku: kayan aiki

Wayar da take hannunka ta isa farawa. Tana ma da wata fa'ida: ba ta tsorata mutane kamar babbar kyamara mai dogon baki. Idan kana da kyamara, ka ɗaura mata ido ɗaya, wato gilashin bakinta da ake cirewa a sauya, mai lamba 35 ko 50, ka bar shi a kai. Sauya ido a fili lokacin hunturu gayyatar ƙura ce zuwa cikin kyamara, kuma za ka ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto har sai an kai ta wajen mai gyara.

Ka riƙe batir biyu, katin memori biyu, da abin cajin tafi-da-gidanka, don a wasu garuruwan sai a shagon mai sola za ka samu caji. Ƙyalle mai laushi na goge ido, leda mai kauri saboda ruwan sama da ƙura, ƙaramin littafi da biro. Kada ka bar kyamara ko waya a rana kan sirdin babur da bazara. Shigarka kuma ta zama ta mutunci, irin wadda ba za ta sa a juyo ana kallonka ba.

Mataki na huɗu: koyi haske

Hoto haske ne, kuma ranar ƙasarmu ba ta da sauƙi. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, nan ne rabonka. A lokacin hasken yana zuwa ta gefe, yana fito da kunyoyin gona ɗaya bayan ɗaya, yana nuna zanen makuba a jikin bango da jijiyoyin hannun tsoho. Wannan yana nufin kwana a garin, ko ka taso da asuba. Wanda ya baro Kano ƙarfe 9 ya isa ƙarfe 11, ya riga ya yi asarar ranar.

Da rana tsaka ido yakan faɗa rami, malafa ta rufe fuska da duhu, farar riga ta ƙone ta zama fari fat ba zare ba aiki. Kada ka yi kokawa da ita. Ka bi mutane inda suka gudu: ƙarƙashin darbejiya ko tsamiya, rumfar mahauta, bukkar maƙera, zaure. Hasken da yake shigowa ta ƙofar zaure ya sauka a gefen fuskar mai ɗinkin hula, ban san hasken da ya fi shi kyau ba, kuma kyauta ne. Ka tsaya ta yadda ƙofar za ta kasance a gefenka, ba a bayan mutumin ba.

Matsalar da za ka fi fama da ita ita ce baƙar fata da farin tufafi a hoto ɗaya. Kyamara takan ruɗe, ta bi farin, ta bar fuskar a duhu. A waya, ka taɓa fuskar mutumin da yatsa, wata 'yar alamar rana za ta fito, sai ka ja ta sama ko ƙasa har fuskar ta fito ba tare da rigar ta ƙone ba. A kyamara ka auna hasken a kan fuska, kuma ka ɗauka a ɗanyen tsari, wanda za ka ga an rubuta RAW, don ya fi karɓar gyara daga baya.

Hazon hunturu, da mutane suke kuka da shi, abokinka ne. Yana tace rana, ya sa kuka da giginya su tsaya a nesa kamar an zana su da toka. Da damina kuma ka jira bayan an ɗauke ruwa, hadari yana gefe baƙi ƙirin, rana ta leƙo ta haska koren gero.

Ga masu kyamara: saurin ƙiftawa 1/250 yana tsayar da mai tafiya, taɓarya a sama ko masaba a hannun maƙeri sai 1/500 ko fiye, kuma ƙasa da 1/60 hannunka zai yi rawa sai ka jingina da bango. Da dare ka kashe walƙiyar kyamara. Tana firgita mutane, tana kashe yanayin wurin. Fitilar mai shayi da wutar karan makarantar allo sun ishe ka idan ka dafe gwiwar hannu a jikinka ka riƙe numfashi.

Mataki na biyar: zauna har a manta da kai

Wata kaka, a wani ƙauye da ke gabas da Ringim, na samu wasu dattijai mata suna shiƙar gero a bayan gari. Na gaishe su, na nemi izni, suka yarda suna dariya. Da na ɗaga kyamara sai babbar cikinsu ta ja mayafi ta rufe baki, sauran suka tsaya cak suna kallona. Na sauke. Na samu gindin wani dami na zauna, muka shiga hirar tsadar taki da yadda tsuntsaye suka yi ɓarna bana. Iska ta ɗauke, aiki ya tsaya, aka yi ta jira. Can wajen rabin sa'a sai ga iska ta taso daga gabas. Ai kuwa tsohuwar nan ta miƙe ba ta ko kalle ni ba, ta cika ƙwarya, ta ɗaga ta sama da kanta, ta karkata. Tsaba tana zuba a tabarma, ƙaiƙayi yana tashi gefe, rana tana bayanta ta yi ƙasa, sai ƙaiƙayin ya kama haske kamar garin zinariya. Iskar take bi, ta manta da ni sam. Na ɗauka sau bakwai, ɗaya ya yi.

Darasi biyu na ɗauka a wurin. Duk abin da yake tashi a iska, ƙaiƙayi ne, hayaƙin maƙera ne, ƙurar garken shanu ce, ko feshin ruwan masunci, ka zagaya ka sa rana a bayansa. Na biyu, mai aiki ba ya iya riƙe kunyar kyamara idan aikin ya kira shi. Naka jira ne.

A kowane wuri ka yi ƙoƙarin samun hoto iri uku. Na nesa, wanda zai nuna wurin gaba ɗaya. Na tsaka-tsaki, mutum da aikinsa. Na kusa, hannu da kayan aiki: yatsun da suka yi kanta, awartaki riƙe da jan ƙarfe, ƙullin kuɗi a bakin zane. Kuma da ƙafa ake matsawa. Jawo hoto da yatsu biyu a fuskar waya ɓata shi kawai yake yi. Idan mutum a zaune yake, kai ma ka durƙusa. Hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙasƙantar da mutum, kuma mai kallo yana jin haka ko bai san dalili ba.

Kada ka shirya komai. Ban da "Baba, sake ɗagawa", ban da "Inna, kalli can". Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai hoton da zai ce wa makiyayi ya ɓoye wayarsa, ko ya ce wa saurayi ya cire rigar ƙwallo, wai don hoton ya yi kama da gargajiya. Makiyayi da sanda a kafaɗa da waya a kunne, shi ne zamaninmu. Wanda zai kalli hoton nan da shekara 50 wannan yake buƙatar gani.

Akwai kuma inda ake sauke kyamara ko an ba ka izni: masu wanka a rafi, mara lafiya a kwance, gawa da masu kukanta, shingen jami'an tsaro. A kara, irin ta Maigatari ko Wudil, kada ka ɗauki fuskar mutum yana ƙirga damin kuɗi. A yanayin tsaron da muke ciki, hoton nan zai iya jawo masa abin da ba ka nufa ba. Saboda wannan dalilin ne ma nake kashe alamar wuri a kyamarar wayata, wadda take nuna inda aka ɗauki hoto.

Mataki na shida: rubuta

Kafin ka tashi, ka buɗe littafinka. Sunan mutumin idan ya yarda, garin, kwanan wata, abin da yake yi, da sunan kowane kayan aiki yadda shi yake kiransa. Ka tambaya, "Baba, wannan me ake ce masa?" Za ka ji sungumi, magirbi, uwar maƙera, zuga-zugi, da wasu sunayen da gari da gari sukan bambanta. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, bayan wata uku duk za su cakuɗe.

A 1936, lokacin matsin tattalin arziki a Amurka, wata mai hoto Dorothea Lange ta ɗauki wata mata 'yar ci-rani da 'ya'yanta a jihar Kalifoniya. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya, har a kan kan-sarki an buga shi. Amma ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san cewa Florence Owens Thompson ce, kuma ta nuna ɓacin ranta cewa fuskarta ta zaga duniya ita ba ta amfana da komai ba. Shekara 42 ana kallon mutum ba a san sunanta ba. Duk lokacin da na ji ƙyuyar fito da littafi, ita nake tunawa.

Mataki na bakwai: ajiya

Daren da ka dawo ka kwafe. Wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya na daban, da ma'ajiyar intanet idan data ta samu. Sunan kowace jakar hotuna a kwamfuta ya fara da shekara, wata, rana, sannan gari. Hoton da yake waya kaɗai, ranar da aka ƙwace ta ko ta faɗa ruwa ya tafi. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa inganci, don haka ba ma'ajiya ba ce. Idan dole ka tura ta can, ka tura shi a matsayin fayil.

Mataki na takwas: zaɓe, gyara, da fitarwa

Cikin hoto 300 ka fitar da 12. Ka bar su su kwana biyu kafin ka zaɓa, don ranar farko wahalar da ka sha kake gani, ba hoton ba. Ka jera su yadda za su ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. Gyara kuma ya tsaya a haske, duhu, da ɗan yanke gefe. Kada ka goge abu, kada ka ƙara abu, kada ka haska fatar mutum.

Yanzu ga tuntuɓen da na ce zan faɗa. A farkon fara aikina na ɗauki wani dattijo a bakin gonarsa, cikin tsumman aiki, yana shan fura da ludayi, jikinsa duk ƙasa. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na ɗora shi a intanet ba bayani, ba komai. Bayan 'yan kwanaki wani shafi ya ɗauka, ya rubuta dogon labarin yunwa a Arewa a ƙarƙashinsa, har da neman taimako. Alhali mutumin nan Alhaji ne, rumbunansa uku, shi yake ranta wa rabin unguwar hatsi idan damina ta yi tsakiya. Ɗansa da yake zaune a Kano ya gani, ya kai masa. Na hau babur na je ba da haƙuri. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaro, na ba ka fuskata ina aiki, ka mai da ni mai bara." Bai ƙara komai ba. Na bi shafin har suka sauke, amma wanda ya gani ya riga ya gani.

Tun daga ranar ba na sakin hoto tsirara. Kowanne da bayaninsa: wane ne, ina, yaushe, me yake yi. Ina sa sunana a gefe, ina kuma ɗora ƙaramin kwafi, babban yana wajena. Sannan kafin in ɗora nakan tambayi kaina, idan ɗan mutumin nan ya gani, zai tura wa abokansa da alfahari, ko zai kashe waya? Ba cewa nake a ɓoye wahala ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, kuma wajibi ne a nuna. Amma wanda ruwa ya ci gidansa, washegari za ka same shi yana kwaɓa ƙasa, wannan ma a nuna. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara ɗora hotunan mutanen Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai bam da gawa. Ta nuna 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar Sallah. Ba ta musa cewa ana yaƙi ba, ta dai ƙi yarda a ce shi ke nan labarin.

Ta fuskar doka, hoton da ka ɗauka mallakarka ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba hoto kariyar shekara 50 daga fitar da shi. Idan jarida ko ƙungiya ta nema, ku yi a rubuce: wane hoto, a ina za a sa, na tsawon wane lokaci, da wane bayani. Ka ba da iznin amfani, kada ka sayar da shi ɗungurungum. Gaskiya kuma, aikin nan ba ya riƙe gida da wuri. Ni har yau biki da suna ne suke sa mini mai a babur.

Mataki na tara: koma

Ka wanko hotunan. Inci 5 da 7 ya isa, a sa musu leda saboda danshi da gara, ka rubuta suna da kwanan wata a baya kafin a rufe. Nuna wa mutum fuskarsa a waya ba cika alkawari ba ne. Takarda yake so, wadda zai riƙe, ya shiga da ita cikin gida, ya soke a jikin bango. Ka fara kai wa dagaci nasa, sannan ka bi saura ɗaya bayan ɗaya. Zuwa na biyu za ka ga ƙofofin da suke rufe sun buɗe, wanda ya ƙi jiya shi zai kira ka, "Mai hoto, yau ina cirar gyaɗa, ko za ka zo?"

Kada kuma ka ja lokaci. Akwai wani maƙeri da na yi kwana uku a bukkarsa ana gab da damina, lokacin da manoma suke layin gyaran garma da fartanya. Na ce masa mako biyu zan dawo. Hidima ta sha kaina, sai bayan wata uku na koma. Na tarar da babban ɗansa a mazauninsa, ƙaramin yana zuga. Na yi sallama, na tambayi Baba. Ya ajiye masaba ya ce ai Baba kwanansa arba'in da rasuwa jiya. Na yi ta'aziyya, muka yi addu'a, na rasa yadda zan yi da ambulan ɗin da ke hannuna, sai kawai na miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya zaro. Baban ne ya sunkuya a kan uwar maƙera, tartsatsi yana tashi, hular nan tasa ta koma ƙeya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya shiga cikin gida da shi, ya bar ni da yaron, wutar tana ta ci ba mai kula ta.

Da ya fito idonsa ja, ya ce tsohuwarsu ta ce a yi mini godiya, ba su da hotonsa ko ɗaya sai na katin zaɓe. Ya tambaya ko zan iya ƙaro guda uku, saboda 'yan'uwansa mata da suke aure a wasu garuruwan. Ranar kasuwa ta gaba na kai musu.